Uwar Mai a Kaskon Sahiya

Wa ake ajiye wa ɓarɓashin kasko a gidanku? Ƴan baƙaƙen guntayen nan nake nufi, masu kwantawa a gindin mai in an gama suya, waɗanda ba a sayarwa, sai dai a tsame su a miƙa wa wanda ake so. A gidan Inna Sahiya, mijinta ake ajiye wa. Shekara ashirin da bakwai ana ajiye masa, kuma ni ce na ƙirga.

Sunana Basira. A likitar Dogarawa, wato ɗan asibitin garinmu, nake aiki, ni ke auna jarirai ranar awo, in rubuta nauyinsu a kati. Ƙirga a jinina take. Daga ƙofar gidanmu zuwa tasha taki ɗari huɗu da goma sha biyu ne, in ba a yi ruwa ba. Inna Sahiya matar yayan babana ce, Baba Dogo, kuma a gindin murhunta na yi rabin ƙuruciyata.

Duk wanda ya saba shiga motar Ƙonni zuwa Madawa ya san ta, ko bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai siririn wuya da ke zama gindin itacen bedi a bakin tasha, da baƙin kasko a gabanta. Ana sallame asuba take hura wuta, hantsi na ɗagawa ta kashe. Tiya biyu ta wake take surfawa kullum, ranar kasuwa huɗu. Ƙosanta jawur yake, gefensa har ya doshi baƙi, ƙamshinsa kuma tun daga nesa yake tarbon mota. Direbobi kan ce ko barci kake, hancinka zai gaya maka an iso Dogarawa.

Sirrin ba a ɓoye yake ba, ita da bakinta take faɗi: uwar mai.

A danginsu, mace ba ta fara suya da sabon mai zalla. Ranar da za ta ɗora kaskon kanta, uwarta ke ɗibar ludayi uku daga tsohon manta ta zuba mata. Daga ranar ba a sake zubar da mai. In an gama suya a bar shi ya huce, a juye a tukunya, a rufe. Gobe a mayar da shi kan wuta, a ƙara sabon man gujiya daidai abin da ƙosai ya sha. Wannan tsohon da ba ya ƙarewa shi suke kira uwar mai. Sahiya ta karɓi tata daga mahaifiyarta Salamatu shekara ashirin da tara da suka wuce, ita ma Salamatu daga tata uwar ta karɓa, can Tajaye.

"Nono ma ba shi kamawa sai da tsohon tsami," in ji Inna. "Sabon mai wawa na, bai san wake ba. Sai uwa ta koya mai."

Baba Dogo kuwa amalanken jaki gare shi, yana ɗauko albasa daga garake, wato lambuna, zuwa bakin titi. Mutum ne mai tsadar magana. Kullum da safe zai ɗaure jakinsa a jikin bedi, ya zauna kan wani dutse a hagunta. Ita kuma, ba tare da ta dube shi ba, sai ta nutsa matsami can ƙasan kasko, ta kwaso ɓarɓashi ludayi guda, ta zuba a wani ɗan kwano, ta barbaɗa yaji, ta tura masa da kofin koko. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin sun haɗa ido a bainar mutane ba. Kwanon nan shi ne hirarsu.

Akwai wani direba, Nasiru, da ba ya gajiya da roƙo.

"Inna, yau dai a ɗan sam mini na ƙasan."

"Tahi ka yi aure a aje maka, gwauro."

"Haba Inna, ɗiyana huɗu hwa!"

"To matarka ba ta son ka. Ni mi na ruwana?"

Baba Dogo yana tauna, ƙaras-ƙaras, sai ya haɗiye tukuna ya ce, "Mai amalanke ya riga mai mato." Iyakar maganarsa ke nan har ya kwance jaki.

Shekara biyu ke nan da cikinsa ya fara ƙin abinci. Tuwo ya fara dawowa, daga baya fura ma ta ƙi zama. Asibiti uku muka je kafin a ce ciwon daji ne a tumbi, kuma an makara. Wata bakwai ya yi. Ni na riƙa kawo ma'auni gida: daga kilo saba'in da huɗu ya sauka zuwa arba'in da shida, daga nan na daina kawowa. A makonnin ƙarshe, abu ɗaya yake iya nema, ɓarɓashin nan. Takan kawo masa a kwanonsa, ya tsotsa, ya tofar a tsumma. Ranar wata Laraba da la'asar ya cika.

Ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita tasha ba, amma duk Juma'a sai ta ɗumama uwar mai a tsakar gida, wai kada ta mutu. Da ta fita takaba ta koma gindin bedi. Ɓarɓashin ya zama na kaji.

A haka muke, sai bana bayan girbi wani mutum ya zo likita da takarda daga magajin gari. Sunansa Abdulhamid, yana karatu mai zurfi a jami'a, kuma bincikensa a kan abin da wuta ke yi wa abinci ne: man da ake ta maimaita suya da shi, naman da ya sha hayaƙi, da duk abin da aka bari ya ƙone. Yana zagaya Ƙonni da Malbaza da Illela yana ɗibar mai a ƴan kwalabe, yana neman wanda zai kai shi wurin masu suyar garinmu. Kafin shugaban likita ya rufe baki na ɗaga hannu. A ranar na rubuta masa kasko ashirin da uku, na jera su bisa hanya don kada mu maimaita taki. Na Inna na sa a farko. Alfahari nake yi da ita. So nake baƙo ya fara da wanda ya fi.

Mun isa tana tsakiyar suya. Abdulhamid ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi bayanin abin da ya kawo shi, ya fito da wata na'ura mai dogon baki kamar cokali.

"Wanga kuma mi na? Allura za a yi ma kaskona?"

"Gwaji ne, Inna. In mai ya daɗe yana hawa wuta yana sauka, lalacewa yake yi a hankali, yana haifar da wasu abubuwa da jiki ba ya so. Wannan tana gaya mini kashi nawa cikin ɗari ya lalace."

"Man uwata na, ɗana. Tun ba a haihe ka ba shina ciyar da mutane. Tsoma ka gani."

Ya tsoma. Muka jira. Lamba ta yi ta hawa a fuskar na'urar, ina binta da ido, har ta tsaya a talatin da shida. Ya goge bakin, ya sake tsomawa. Talatin da shida. Ya ce a ƙasashen da suka kafa doka a kan haka, in ya kai wajen ashirin da biyar zubarwa ake yi. A hankali ya faɗa, yana kallon ƙasa.

Inna ta yi dariya. "Su can ba su da uwaye, shi ya sa."

Da a nan aka tsaya, da ban rubuta wannan ba. Amma sai ta nutsa matsami ta kwaso na ƙasan, hannunta ya juya hagu kamar yadda ya saba, ya tsaya a iska, sannan ta watsa wa kaji. Abdulhamid ya nemi ta ba shi kaɗan ya sa a leda.

"Gara da kaji ke ci," ya ce. "Wannan da ya kwana yana ƙonewa, ya sake ƙonewa, nan abubuwan suka fi taruwa. Sau ɗaya ko sau goma ba kome ba ne. Abin da muke dubawa shi ne yawan da mutum ya ci, da tsawon shekarun da ya yi yana ci."

Ina riƙe da bik ɗin rubutu da takarda. Ya ce yawa, ya ce shekaru, kaina kuwa ya kama aiki tun kafin zuciyata ta farka. Shekara ashirin da bakwai tun da Baba Dogo ya sayi amalanke ya fara tsayawa. A cire ranakun haihuwa da rashi da salla da kwanan ciwo, a bar kwana ɗari uku da goma a shekara. Ludayi dubu takwas da ɗari uku da saba'in. Ludayi arba'in tiya ɗaya. Tiya arba'in buhu ɗaya.

"Buhu biyar," na ce, da ƙarfi, da murnar wanda lissafinsa ya fita. "Baba Dogo ya ci buhu biyar, har da tiya tara a kai."

Abdulhamid ya dube ni, ya dube ta, bai san wane ne Dogo ba, amma ya gane. Mai na ta tafasa.

"Buhu biyar," Inna ta maimaita, kamar mai tambayar hanya.

Ƙosan da ke cikin kasko ya ƙone a gabanmu. Tun da nake ban taɓa ganin ta ƙona ƙosai ba.

Washegari ba ta hura wuta ba. Jibi ma haka. Na yi ta aika gaisuwa ina jin kunyar zuwa, sai a rana ta tara na daure na shiga da azahar. Na same ta a ɗaki, tukunyar uwar mai a rufe a gefen gado, faifai a cinyarta, da ƙwayoyin wake a jere a kai.

"Zamna, ɗiyata. Ke kinka koya mini ƙirga."

Kowace ƙwaya, in ji ta, mutum ne da ya saba cin ƙosanta, kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: mai facin taya, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Zarma da aka turo garin, wata mai kawo nono, direbobi tara, da sauransu. Arba'in da ɗaya.

Na ce, "Inna, a shekara ashirin da tara ko ruwan zamzam kike sayarwa sai mutum arba'in sun mutu. Wannan da kika kira, Umar, ai hatsarin mota ya yi."

Ta ɗauke ƙwaya guda ta mayar a ƙwarya. "Saura arba'in."

Sai ta gaya mini abin da ya hana ta fita. Ta ce ranar da ta biyo bayan gwajin ta ɗauki kasko har ta kai gindin bedi, gari bai gama wayewa ba, sai ta ga wurin cike. Suna tsaye yadda suka saba tsayuwa, kowa da hannu a miƙe, suna jiran ta hura wuta. Ba mai fushi a cikinsu. "Da sun zage ni da na ji sanyi," ta ce. "Amma sai gaishe ni su kai." A kan dutsen hagu kuma mijinta yana zaune, da ramar da ya tafi da ita, yana jiran kwanonsa.

Ni ma'aikaciyar likita ce, na san abin da rashin barci da baƙin ciki ke nuna wa ido. Amma tun daga ranar ni ma in na bi ta tasha ba na iya kallon dutsen.

"Basira, ke mai lissahi. Hwaɗa mini gaskiya, kada ki ji tausayina. Ni nik kashe babanku?"

Na ce ajali ne. Ta ce liman ma haka ya gaya mata, kuma ta yarda, amma ajali ba ya zuwa da ƙafarsa, hannu yake bi, ita so take ta san ko nata ya bi. Na ce ba da sani ta yi ba. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Na jawo wani lissafi don in kwantar mata da hankali, na nuna mata cewa da ƙarin sabon mai da ake yi kullum, ko ɗigo ɗaya na man Salamatu bai rage a tukunyar ba tun watannin farko. Ta dubi tukunyar, ta dube ni.

"To kin raba ni da miji, yanzu kuma da uwa."

Abin da ya rage mini shi ne in kai ta inda amsa take, in akwai. Na kira Abdulhamid a waya, ya ce sakamakon ɗakin gwaji zai fito bayan mako uku. Kwana ashirin da uku aka yi. Duk tsawon kwanakin kasko na kife.

Ranar Litinin muka shiga mota zuwa Ƙonni. Ta ɗaure takardun asibitin Baba Dogo a leda, leda a cikin ɗankwali, ɗankwali a ƙirji. Abdulhamid ya karɓe mu a wani ɗan buro, wato ofis, da aka ara masa, ya ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a tabarma, shi ma dole ya sauko. Ya karanta takardun duka, har waɗanda suka yage. Sannan ya buɗe nasa. Ya ce an samu abin da ake zato a man da ɓarɓashin: irin abubuwan da ke fitowa in mai ya gaji da wuta, da waɗanda ke fitowa in abinci ya ƙone. Wasu daga cikinsu, in ji shi, an ga suna haddasa ciwo a jikin dabbobin gwaji, kuma masana na zargin suna ƙara wa mutum haɗari in ya daɗe yana ci.

"Ban zo jin zargi ba, ɗana. Ce mini a'a, in tahi gida."

"Ba zan iya ba, Inna."

"To ce mini i. Ina iya ɗauka."

"Shi ma ba zan iya ba."

Ya yi ƙoƙari, na ba shi wannan. Ya ce ciwon tumbi hanyoyinsa da yawa: akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin mutane da dama ba su sani ba, akwai yawan gishiri, akwai taba, akwai gado. Ta ce bai taɓa sa taba a baki ba. Ya ce ya ji, amma sauran fa? Ya ce abin da ilimin ke iya yi shi ne a dubi mutum dubu masu cin abu, a dubi dubu marasa ci, a ga ko ciwo ya fi yawa a wane ɓangare. Ko an ga ƙari, ba a iya nuna mutum ɗaya a ce wannan abin ne ya kama shi. Wani zai ci buhu goma ya kai shekara casa'in.

Ta daɗe tana kallon takardun da ba ta iya karantawa.

"Ashe ilimin naku garke shika gani," ta ce. "Ba shi ganin akuya guda."

"Haka ne, Inna."

"Ni kau guda gare ni."

Ta tattara takardunta, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. A komawa motar Nasiru muka samu. Ya yi ta janta da wasa, wai shekaranjiya ya wuce Dogarawa bai sani ba sai da fasinja suka yi ihu, don hancinsa ya ɓata hanya, wai matarsa ta ce ya rame. Ita kuwa ƙunshin takardun ta rungume har muka sauka.

Na ɗauka shi ke nan, kaskon ya kife har abada. Abin da ya tashe ta ba daga gare ni ya fito ba.

Kwana biyu da dawowarmu, ina gidan, sai ga Humaira, wata maƙwabciya da ke soya dankali a ƙofar lakwal, ta shigo da ƴar roba a hannu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce ta ji Inna ta ajiye sana'a, kuma abin albarka bai kamata ya mutu a ɗaki ba. Ita ba ta da uwa mai suya. Ko Inna za ta ɗauke ta ɗiya, ta ɗiba mata ludayi uku?

A al'adarsu wannan roƙo ba a mayar da shi. Girma ne babba a ce da mace ta zama uwar kaskon wata. Na ga hannun Inna ya tafi kan murfin tukunya. Ya tsaya a nan.

"Su wa ka cin dankalinki?"

"Ƴan lakwal, Inna. Da an tashi hutu sai su yi mini caa."

"Na ƙasan hwa? Wa kika ba?"

Humaira ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Maigidan."

"Tashi ki tahi," Inna ta ce. "Ba ni ba ki."

"Inna, laihin mi niy yi?"

"Ba ki yi ba. Tahi da robarki. Kuma na ƙasan, ki ba ƙasa."

Humaira ta fita da hawaye, a ranar kuma zance ya zaga gari cewa Sahiya ta yi rowar gado. Ita kuwa, ana yin la'asar ta ce in ɗauko magirbi. Muka je bayan gida, nesa da rijiya, na haƙa rami kamu biyu. Ita ta ɗauko tukunyar da kanta, ta ƙi in taya ta. Litar shida da rabi ce, na san girman tukunyar. Man ya sauka a hankali, baƙi, mai kauri kamar zuma, yana jan zare. Ba ta yi kuka ba. Ta yi wa Salamatu addu'a, ta yi wa kakarta ta Tajaye, ta ce su ma ba su sani ba. Ta mayar da ƙasa da hannunta, ta danne.

Kwana uku ta yi tana kankare kaskon da yashi da toka. Baƙin da ya daskare a jikinsa ya kai kaurin yatsa, yana ɓantarewa kamar ɓawon itace. A rana ta uku ƙarfe ya bayyana, sai ga wani faci a gefe da kusoshi huɗu, aikin wani maƙeri da ba wanda ya san shi. Shekara ashirin da tara tana suya a kaskon ba ta san yana da faci ba.

Ranar da ta koma gindin bedi, kwana arba'in ke nan cif da gwajin, na raka ta. Ta tsaya daga nesa da kaya a kai, ta daɗe tana duban wurin.

"Suna nan?" na tambaya.

"Suna nan."

Ta wuce ta cikinsu, ta sauke kaya, ta hura wuta.

Ƙosan farko ya fito fari-fari, ruwan zinariya. Nasiru ya ɗaga guda yana juya shi a rana.

"Inna, wanga ƙosai ko bai da lahiya? Ya yi kama da ɗan birni da bai taɓa noma ba."

"In ba ka so aje mini abuna."

Ya ci, ya yamutsa fuska, ya ce ba ɗanɗanon da. Ya ci na biyu. Ba kowa ya yi haƙurinsa ba. Cikin mutum sittin da uku da na san suna saye kullum, goma sha tara sun koma wani kasko a watan farko, suna cewa hannun Sahiya ya mutu da mijinta. Bakwai sun dawo. Sauran har yau in sun wuce sai su kau da kai.

Yanzu ga yadda take yi, ni da ita da shawarar Abdulhamid muka tsara. Mai kaɗan take zubawa, ba ta cika kasko. Ba ta bari wuta ta yi ƙarfin da mai zai yi hayaƙi. Bayan kowane ɗibi tana tsame guntaye tun ba su yi baƙi ba. In ta gama ta tace man da farin ƙyalle. Safiya uku yake yi, ta huɗu ba ya ganin wake. Wahala ta ƙaru, abin da ke shigowa ya ragu, ba ta ɓoye wannan. Humaira ta yi wata biyu ba ta gaishe ta ba, sai ga ta ran nan ta zo tambayar irin ƙyallen.

Ban sake tayar da zancen Baba Dogo ba. Ita ta tayar, wata safiya da mutane suka ragu, tana goge matsami.

"Na bar neman amsa wurin masu rai," ta ce. "Ba mai ce mini na yi, ba mai ce mini ban yi ba. Sai in ɗauka haka nan. Ranar da munka gamu, shi zan tambaya. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"In ya ce ke ce fa, Inna?"

"Sai in roƙe shi gahwara. Ina da lokacin shirya abin da zan ce."

Tun ranar gwajin, ƙosai bai sake shiga bakinta ba. Da ido take gane gishiri ya ji, da kunne take gane ya soyu. Kuma kullum kafin ta zuba ƙullu, takan ɗauki wani farin faranti, ta ɗiga sabon mai a gefe ɗaya, ta ɗiga na jiya a ɗayan, ta karkata farantin ta ga wanda ke gudu da wanda ke jan ƙafa. Abdulhamid ya ce ido ba ya ganin kome da kome, wani man zai yi kyau alhali ya gaji. Amma ya ce wanda ido ya riga ya kama, ba sai an jira na'ura ba.

Ina roƙonku ku gwada gobe da safe, kafin a ɗora kasko. Farin faranti, ɗigo biyu, sabo da tsoho. Ku fita da shi haske, ku karkata. In tsohon ya yi duhu, ya yi kauri, yana bin farantin a hankali, ko kuwa kun san yana kumfa da hayaƙi tun wuta ba ta yi ƙarfi ba, kada ku ƙara masa sabo. Ku haƙa masa rami nesa da rijiya. Minti biyu gwajin ke ɗauka, na auna.